La'adar kamfanin kai kaya ta ninka harajin kansa: shin gidan waya ya fi?

Baban Amira:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun jiya, na ce bari in kawo shi nan ko wani ya taɓa cin karo da irinsa.

Waɗanda suka san ni sun san ina haɗa ƙananan jiragen sama na roba, irin waɗanda ke zuwa gunduwa-gunduwa a kwali, mutum ya zauna ya manna su ya yi musu fenti. Ni da yarana muke yi ranar hutu. Makon jiya na sayi ɗaya daga wani ƙaramin shago a Amurka, kuɗinsa ya kama dalar Kanada 110. Wajen zaɓen hanyar aikawa na ɗauki mafi arha, wato wani kamfani mai zaman kansa da ke kawowa ta mota. Jiya direba ya ƙwanƙwasa ƙofa, kwali a hammata, na'urar cirar kuɗi a hannu, ya ce sai na biya dala 51 da 'yan kai kafin ya miƙo mini.

Na karɓi takardar na duba. Harajin saye a Ontariyo ta Kanada, inda nake zaune, kashi 13 ne cikin ɗari, wato dala 14.30, kuma wannan ban musa ba, haƙƙin hukuma ne. Sauran kuɗin duk na kamfanin ne: kuɗin shigar da takardu a kwastam, kuɗin wai sun biya mini haraji kafin in biya su, kuɗin karɓar kuɗi a bakin ƙofa, sannan aka sake ɗora haraji a kan waɗannan kuɗaɗen. Yaran suna tsaye a bayana suna leƙen kwalin, sai na biya.

Tambayata biyu ce. Wa ya ɗauke su dillanci a madadina, alhali ban yi ciniki da su ba? Sannan da ta gidan waya aka aiko, da haka za ta faru? Ina da wani kayan da nake son saya daga shagon, ba na son a maimaita.

Mai Kan Sarki:
Wa alaikumus salam Baban Amira. Ka yi haƙuri, kusan duk wanda ke sayen kayan sha'awa daga ƙetare ya taɓa shan wannan. Amsar tambayarka ta biyu a taƙaice: a'a. Da ta gidan waya ya zo, jami'in hukumar kula da iyakokin Kanada ne zai duba takardar da ke jikin kwalin ya yanke haraji, Canada Post, wato gidan wayar Kanada, ta karɓa a madadin hukuma, ta ɗora kuɗin hidimarta dala 9.95. Kuɗin nan ba ya hawa ba ya sauka, ko kayan dala 50 ne ko na 500. Idan kuma ba a yanka wa kwalin haraji ba, ba za a nemi 9.95 ɗin ba. Da lissafinka ya tsaya a dala 24.25.

Baban Amira:
Baba, wato ƙasa da rabin abin da na biya ke nan. Amma kuɗin aikawa ta gidan waya ya ɗara na kamfanin a shafin shagon, shi ya sa na kauce masa.

Mai Kan Sarki:
Nan ne kowa ke faɗawa. Farashin da ka gani a shafi kuɗin ɗaukar kaya ne kawai zuwa ƙofarka, ba a haɗa da kuɗin tsallake iyaka ba.

Bari in ɗan yi nisa, domin shekara da shekaru ina tara kan sarki, kuma tarihin gidan waya shi ne abin da na fi so. A 1874 aka ƙulla yarjejeniya a birnin Bern na Suwizalan wadda ta haifi Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya. Ginshiƙinta shi ne a ɗauki ƙasashen da suka shiga kamar ƙasa guda wajen musayar saƙo: gidan wayar ƙasarka ya karɓa, na ƙasar da za a kai ya isar, su sasanta kuɗi tsakaninsu. Shi ya sa ƙunshin gidan waya yake da tasa ƙofar a kwastam. Ƙaramar takardar da ake liƙawa a jiki, CN22, ko babbar, CN23 ta kaya masu tsada, ita ce bayanin kayan gaba ɗaya. Babu dillali a tsakani, jami'i ne da takarda.

Kamfani mai zaman kansa kuwa ba ya cikin wannan tsari. Shi ɗan kasuwa ne mai ɗauko kaya, dole a gabatar wa kwastam bayanin kowane kwali, kuma wanda ya yi gabatarwar sai ya nemi ladansa.

Ɗan Ajan:
Salam. Baba ya faɗi gaskiya, amma ku bar ni in yi magana a madadin ɓangaren da ake zargi, domin aikin fiton kaya nake yi. Ba na aiki da kamfanin da ya kawo wa Baban Amira kaya, ban ma san wanne ba ne.

La'adar nan ba daga sama ta faɗo ba. Kowane kaya da ke tsallake iyaka sai an ba shi lamba a tsarin rarraba kayayyaki na Ƙungiyar Kwastam ta Duniya, wanda aka fara aiki da shi a 1988. Lambobi shida na farko iri ɗaya ne a ko'ina. Jirginka na roba yana ƙarƙashin 9503, ajin kayan wasa. Kan sarkin Baba yana 9704. A Kanada kayan wasa galibi ba su da kuɗin fito, wato kuɗin kwastam da ake biya ban da harajin saye, amma tufafi na iya kai wa kashi 18. Idan aka sa lambar da ba daidai ba, ko aka rage ƙima, hukuma na iya tuhumar dillali. Shi ne ya ajiye jingina a wurin hukuma, shi ne ya fitar da kuɗinsa ya biya harajinka tun kayan ba su iso gare ka ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, to mu ma askin muke yi.

Sannan abu guda da mutane ba su lura ba: a yawancin manyan kamfanonin, aikawa ta jirgin sama cikin gaggawa an riga an saka kuɗin shigar da takardu a cikin farashinta. Ta mota ce ake cire shi a ajiye wa mai karɓa. Shi ya sa ta mota take fitowa da arha a idon mai saye.

Uwar Biyu:
Malam Ɗan Ajan, na ji bayaninka kuma na yarda aiki ne. Amma ka amsa mini wannan. Kwalin dala 45 da kwalin dala 400, in duk kayan wasa ne daga shago ɗaya, ai aiki ɗaya ne: lamba ɗaya, takarda ɗaya, kuma yanzu kwamfuta ce ke tura yawancinsa. Me ya sa la'adar take hawa da tsadar kaya? Idan ladan aiki ne, ya tsaya a kan aikin mana.

Kuma maganar Baban Amira ta farko ba a amsa ba. A ko'ina dillali sai an kira shi, an yi maganar la'ada, an amince, sannan ya shiga ciniki. Wannan kuwa sai ya gama ya zo da takarda, kayanka a hannunsa. Wane zaɓi ya rage wa mutum a lokacin?

Ɗan Ajan:
Hajiya, hawan la'ada da ƙima yana da ɗan dalili, domin girman kuɗin da aka ɗauki alhakinsa yana ƙaruwa. Amma ba zan ɓoye miki ba, a ƙananan kaya irin na Baban Amira abin ya yi nauyi, ba zan iya kare shi duka ba. An gina tsarin ne don 'yan kasuwa masu asusu da kamfani, waɗanda suka sasanta farashi tun farko ko suke da nasu dillalin. Mai kwali ɗaya a wata uku shi ne yake biyan farashin da ba a rage komai ba.

Batun amincewa kuma, yarjejeniyar tsakanin mai shago da kamfani take. Lokacin da ya buga takardar aikawa, ya zaɓi cewa mai karɓa ne zai biya haraji da abin da ya biyo baya. Laifin da nake gani shi ne rashin faɗa wa mai saye tun kafin ya biya. Layi ɗaya a shafin shagon ya isa.

Baban Amira:
Allah ya saka da alheri da ka faɗi gaskiya. Ni ba na zargin mai shagon da mugunta, dattijo ne da yake tafiyar da shagon shi kaɗai, ina jin bai ma san abin da ke faruwa a wannan gefen iyakar ba.

Ɗan Ajan:
Yawancinsu ba su sani ba. Amma kai kana da wata hanya da ba ka yi amfani da ita ba. A Kanada doka ta ba mai kayan amfanin kansa damar fitar da kayansa da kansa. Da zarar ka samu lambar bibiya, ka kira kamfanin ka ce kai za ka yi fiton. In ma direba ya riga ya zo, kada ka biya, kada ka sa hannu, ka ce masa haka. Za su ba ka takardar bayanin kayan mai ɗauke da lambarsu. Ka haɗa da rasidin sayenka da katin shaida, ka je ofishin hukumar iyakoki da ke karɓar irin wannan, ka biya harajin kawai, su ba ka shaidar biya mai hatimi, ka aika wa kamfanin, su saki kaya.

Sai dai ka auna. Idan ofishin yana da nisa, kuɗin mai da rabin yinin da za ka ɓata na iya cinye ribar.

Ga kuma wani abu da ya saɓa wa maganar Baba kaɗan. Tun Yulin 2020 da sabuwar yarjejeniyar ciniki tsakanin Kanada da Amurka da Meziko ta fara aiki, kayan da kamfani ya ɗauko daga Amurka ko Meziko ba a biyan komai a kansu in ba su wuce dala 40 ba, daga 40 zuwa 150 kuma haraji kawai, ba kuɗin fito. Gidan waya bai samu wannan sassaucin ba, iyakarsa tana nan a dala 20. Saboda haka kayan dala 35 ta gidan waya na iya jawo haraji da 9.95, ta kamfani kuwa ba harajin da za a nema.

Mai Kan Sarki:
Wannan gyara ne mai kyau, na karɓa. Ashe ƙananan kaya tsakanin 20 da 40 suna da nasu hukuncin.

Uwar Biyu:
Mu a Ingila labarin ya canza tun 1 ga Janairun 2021. Ni saƙa nake yi, zaren ulu nake sayowa daga ƙasashen arewacin Turai. Yanzu in kayan ba su wuce fam 135 ba, mai sayarwa ne ya kamata ya karɓi harajin VAT na kashi 20 tun wajen biya, kwalin ya shigo ba tare da an tare shi ba. In ya wuce 135, a iyaka ake yanke haraji, Royal Mail, wato gidan wayarmu na nan, ta jefo maka kati mai ruwan toka ta ƙofa, ka biya harajin da fam 8 na hidima kafin a kawo.

Abin da ya ba ni takaici shi ne ƙananan masu rini, matan da ke rina zare a gidajensu su sayar kaɗan-kaɗan. Da yawa sun daina aikowa Ingila gaba ɗaya saboda ba za su iya ɗawainiyar rajistar haraji ba. Akwai wata da na shekara huɗu ina saye a wurinta, launin shuɗin da take fitarwa ban ga irinsa ba, ta rubuto mini da ban haƙuri cewa ta rufe aikawa wajenmu. Na rasa yadda zan ƙarasa rigar sanyi da na fara da zarenta, har yau tana cikin jaka.

Ƙaramin Injiniya:
Yayyena, ni dai abin da nake gani abokai na yi shi ne su roƙi mai sayarwa ya rubuta "kyauta" a takardar, ya sa ƙima kaɗan. Ta gidan waya sau da yawa yana wucewa. Ba shi ke nan ba?

Mai Agogo:
Ƙanena, kada ka fara. Na ɗaya, ƙarya ce, kuma ƙarya ce a takardar hukuma wadda wani ya sa wa hannu. Kana jefa mai sayarwa cikin laifi don ka tsira da 'yan daloli. Na biyu, sassaucin kyauta na tsakanin mutum da mutum ne, kuma yana da iyaka: dala 60 a Kanada, fam 39 a Ingila, yuro 45 a Tarayyar Turai. Kwali mai tambarin shago da rasidi a ciki ba ya zama kyauta don an rubuta hakan. Jami'i yana da ikon buɗewa, ya sa ƙimar da ya ga ta dace, ya ci tara ko ya riƙe kayan.

Na uku shi ne wanda na gani da idona. Wani abokina ya sayi tsohon injin agogo mai tsada, ya sa aka rubuta ƙima kaɗan. Kwalin ya ɓace a hanya. Da aka zo biyan diyya, abin da ke rubuce a takarda aka duba. Ba shi da bakin magana.

Ƙaramin Injiniya:
Na ji Yaya, na kuma janye. Ban yi tunanin ɓangaren ɓacewar kaya ba.

Mai Agogo:
Madalla. Tunda na shigo, bari in faɗi nawa ra'ayin, domin na ga kamar ana neman a yanke cewa gidan waya ne ya yi nasara. Ni gyaran tsofaffin agogunan hannu nake yi don sha'awa, kuma abin da nake saye ƙanana ne masu tsada waɗanda in sun ɓace ba a samun madadinsu. Fuskar agogon da aka daina ƙerawa shekara hamsin da suka wuce, ina za ka samo wata? Irin wannan ba na yarda a sa shi a ƙaramin ƙunshin gidan waya. Ƙunshin yana fita daga hannun gidan waya ɗaya ya shiga na wani, wani lokaci lambar bibiya ta yi shiru kwana goma, ka tambayi wannan ya ce ka tambayi wancan, kuma galibi mai aikawa ne ke da ikon buɗe ƙorafi. Kamfani kuwa hannu ɗaya ne daga farko har ƙarshe, in abu ya lalace ka san ƙofar da za ka buga.

Kuma mu da ke Kanada ba mu manta yajin aikin ma'aikatan gidan waya da ya fara 15 ga Nuwamban 2024 ba. Sama da wata guda komai ya tsaya, har gidan wayar Amurka ya dakatar da karɓar saƙon Kanada. Ina da ƙunshi biyu da suka kwana a ciki.

Abin da nake yi shi ne in zaɓi ta jirgin sama, in tabbatar an saka kuɗin shigar da takardu a farashin, in kuma biya harajin ta intanet kafin direba ya iso don kada a ɗora kuɗin karɓa a ƙofa.

Baban Amira:
Yallaɓai, kayanka ƙanana ne. Kwalin jirgina fa? Na duba farashin ta sama, ya kusa kuɗin jirgin kansa.

Ɗan Ajan:
Dalilin shi ne kamfanoni ba nauyi kawai suke aunawa ba, har da wurin da kwali ya cinye. Yawanci sukan ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, su raba da 5000. A ce kwalinka 40 da 30 da 20 ne, ka samu 24,000, ka raba, ya ba ka kilo 4.8. Ko da a sikeli bai kai kilo ɗaya ba, kuɗin kusan kilo biyar za ka biya, domin wanda ya fi yawa ake ɗauka. Kwalin jirgin roba kuwa rabinsa iska ce.

Mai Kan Sarki:
A nan gidan waya ya fi dacewa da shi. Ƙa'idar ƙaramin ƙunshi ta duniya ita ce kada ya wuce kilo 2, tsawo da faɗi da tsayi in an haɗa kada su wuce santimita 90, kuma ɓangare mafi tsawo kada ya wuce 60. Misalin da Ɗan Ajan ya kawo ya tsaya cif a kan 90.

Ƙaramin Injiniya:
Amma Baba, ni ƙananan jirage marasa matuƙi nake haɗawa, kuma gidan waya ba ya ɗaukar mini batir.

Mai Kan Sarki:
Gaskiya ne. Batirin litiyam da ke shi kaɗai ba ya shiga saƙon ƙasa da ƙasa. Wanda ke cikin na'ura ana iya karɓa, shi ma da iyaka, kuma sai ƙasashen biyu sun amince. Haka fenti mai kama wuta, da ruwan tsinka shi, da gwangwanin feshi, da wasu nau'in gam. Baban Amira, ka lura da wannan, domin sana'arka da fenti take tafiya.

Ɗalibar Jamus:
Salam, na makara amma bari in ƙara na Tarayyar Turai. Tun 1 ga Yulin 2021 aka soke sassaucin yuro 22, yanzu ko kayan yuro 5 ne akwai VAT a kansa. In mai sayarwa ya yi rajista da tsarin IOSS, wato tsarin Tarayyar na karɓar VAT tun wajen sayarwa, zai karɓi harajin wajen biya a kayan da ba su wuce yuro 150 ba, ba a sake neman VAT ɗin a iyaka. Ni alƙaluman tawada nake tarawa daga Japan. Sau ɗaya na biya harajin wajen saye, amma ba a shigar da lambar IOSS ta mai sayarwa a bayanan ƙunshin ba, aka sake karɓa a nan. Sai da na yi wata biyu ina aika rasidi kafin mai sayarwa ya mayar mini. Tun daga ranar kafin in biya nake tambaya: za ku shigar da lambar a bayanan aikawa?

Ɗan Ajan:
Masu saye da ke zaune a Amurka ma yanzu sun shigo sahu. Daga 2016 kayan da ba su wuce dalar Amurka 800 ba sun riƙa shiga ba kuɗin fito. A 2025 aka cire wannan, aka fara da kayan Sin da Hong Kong a watan Mayu, sannan sauran duniya a 29 ga Agusta. A wancan lokacin gidajen waya da dama, har da na Jamus da Japan da Ostireliya, sun dakatar da aika kaya Amurka na ɗan lokaci saboda ba su da hanyar karɓar kuɗin. Dokokin nan suna motsi, duk lambar da muka faɗa a nan mutum ya sake dubawa a shafin hukumar ƙasarsa ranar da zai saya.

Uwar Biyu:
Ni dai har yanzu ina kan bakana a batu ɗaya. Ko gidan waya ko kamfani, haƙƙin mai saye ne ya san jimillar kuɗin kafin ya danna biya. Malam Ɗan Ajan ya yarda da wannan, kuma shi ne ya fi mu sanin aikin.

Baban Amira:
Na dawo da labari. Na rubuta wa dattijon, na tura masa hoton takardar da aka ba ni a ƙofa. Ya amsa cikin awa biyu, ya ce shekara da shekaru yana aika kaya Kanada babu wanda ya taɓa nuna masa wannan takardar, ya kuma ce zai rubuta gargaɗi a ƙarƙashin zaɓin aikawa ta mota.

Jirgi na biyu zai aiko ta gidan waya da lambar bibiya, cikakkiyar ƙima a takarda, rasidi a jikin kwalin. Ya auna kwalin, santimita 84 ne in an haɗa. Fentin da na sa a kwandon sayayya na shafin kuwa ya ce ba zai shiga ba, kwalba shida ne kuma duk masu kama wuta, sai na cire su, zan nema a cikin ƙasa.

Malam Ɗan Ajan, in ba damuwa ka rubuto mini sunan takardar da zan nema wurin kamfani, in ajiye, domin akwai wani shagon da ba ya aikawa ta gidan waya ko kaɗan.